Yadda Fijo Ta Aske Mini Gira

Duk wanda ya gaji Peugeot 504 ya gaji masu shawara. Tawa ta marigayi Baba ce, haɗin Kaduna, daga kamfanin nan na Kakuri da ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma babu dattijon da zai wuce ƙofar gidanmu bai dafa bonet ɗinta ya ce "ai wannan ko yaro ya gyara ta" ba. Maganar nan ce ta shiga kaina. Da ta fara shessheƙa da safe tana shan mai kamar raƙumi, sai na ce fulogi ne, kuma kuɗin bakanike gara a sayi cefane da su.

Na je Panteka na sayo fulogi huɗu da sababbin wayoyi da doguwar sifana, don fulogin Fijo a can cikin rami suke, gajeriya ba ta kai musu. Ranar Asabar na shimfiɗa tabarma, na ba ɗan ƙanena waya ya riƙe mini bidiyon wani Bature da ke gyaran wata mota daban. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, ba za a kira mai aikin ba?" Na ce ta ji da tukunyarta.

Masu sana'a waya ɗaya suke cirewa, su sa sabuwa, sannan su taɓa ta gaba. Ni kuwa mutum ne mai son tsabta. Na tuge duka huɗun lokaci guda, na cire kwanon iska don in ga hanya, na goge ko'ina tas. Ban damu ba, domin na haddace karatun: 1-3-4-2, jerin da wuta ke bi daga distiributa zuwa silinda. Na gano gurbin lamba ɗaya a murfin distiributa, na kai wayarsa silindar farko daga gaba, wajen lagireto, kamar yadda Baturen ya yi, kamar kuma yadda duk mai hankali zai ƙidaya.

Ashe Faransawa daga baya suke ƙidaya. Silinda ta ɗaya a wannan injin ita ce ta kusa da giya, wadda ni na kira ta huɗu. Abin haushin shi ne jerin bai ɓaci ba ko kaɗan, mafarinsa ne kawai ya sauya. Fistin na ɗaya da na huɗu tare suke hawa, amma yayin da ɗaya ke matse mai da iska yana jiran wuta, ɗayan hayaƙi yake turawa waje, ƙofar shigar mai ta fara buɗewa. Ni na aika wa kowa wuta a daidai lokacin da ƙofarsa ke buɗe.

Na ce wa yaron ya murɗa makulli, ni kuma na sunkuya a kan kafireta don in ji daɗin sautin aikina. Inji ya yi gurnani, ya yi tari, sannan ya saki wata ƙara da ta tashi tantabarun unguwa baki ɗaya. Harshen wuta ya fito ta bakin kafireta ya gaishe ni. Yaron ya yar da wayata ya haura katanga. Maƙwabcina, tsohon soja, ya fito ba hula yana tambayar ta ina suka shigo. Uwargida ta iso da bokitin ruwan wanke-wanke, ta duba motar, ta dube ni, ta yanke shawarar ni na fi bukata.

Namiji ba ya barin aiki a tsakiya. Na yi ta juya wayoyi ina ba ta wuta har batir ya mutu murus, matasan layi suka tura ta zuwa bakin masallaci suka dawo da ita ba ta ce uffan ba.

Bayan la'asar bakanike ya zo a kan babur, uwargida ce ta kira shi. Ya daɗe yana kallon fuskata kafin ya kalli injin.

"Alhaji, wa ya taɓa ta?"

"Yara," na ce.

"Allah ya shirya su. Yaran nan har gira suke ƙona wa manya."

Ya mayar da wayoyin kafin in gama gyara tsayuwa, ya ɗaura batirin aro, ta tashi a bugu ɗaya. Sai dai shessheƙar tana nan. Ya kwance kafireta ya busa wani ɗan ƙaramin jet, datti ya fita, inji ya daidaita. Tsofaffin fulogin ma ya ce lafiyarsu ƙalau, ya zuba su a aljihu. Ya caje ni kuɗin gyara, da na cajin batir, da na man babur, ya ce na yaran ya yafe.