Daƙiƙa Biyar na Farko: Yadda Ake Buɗe Tirelar Wasan Bidiyo

Tirela, a bakin masu harkar fim da wasannin bidiyo, ba doguwar motar nan ba ce mai dakon siminti, gajeren hoton talla ne na minti ɗaya ko biyu da ake saki kafin wasa ya shiga kasuwa, ko da yake sun yi tarayya da motar a hali guda, wato duk wadda ta tashi da nauyi sai kowa ya nemi hanyar wuce ta. A YouTube, daƙiƙa biyar kacal talla take da su kafin maɓallin tsallakewa ya bayyana, kuma babban yatsan mai kallo yana shawagi a kansa kamar shirwa a kan 'yan tsaki.

Saboda haka wajibi ne mai haɗa tirela ya danne zuciyarsa game da tambari, wato alamar kamfani. Doguwar gaisuwa ado ce a zaure, amma wanda ya buɗe da baƙin allo, ya kawo tambarin waɗanda suka ƙirƙiri wasan, ya biyo da na waɗanda suka zuba kuɗin fitar da shi, sannan na manhajar da aka gina shi a kai, ya zama mai tallan da ya tsaya jero sunayen kakanninsa alhali farantin yana rufe. Haka nan muryar nan mai kauri da ke ba da tarihin wata daula da ta rushe shekara dubu, gara a ajiye ta, domin a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta ta kamfanin Valve, tirela kan fara tafiya ne ba tare da sauti ba, sai a bar mai kallo da duhu da shiru, yana zaton wayarsa ko kwamfutarsa ce ta samu matsala.

Abin da ya cancanci hoton farko shi ne aikin da hannun mai wasa zai riƙa yi, ko tsalle ne, ko tuƙi, ko ɓarna. A 2017 ƙaramin kamfanin House House na birnin Melbourne a Ostareliya ya nuna wasan da ya fito a 2019 da sunan Untitled Goose Game, inda aka ga wata farar dinya mai taurin kai ta shiga lambu tana tafiyar ƙasaita, ta ja kayan mai lambu da baki, ta kunna masa ruwa ya jiƙe, ta buɗe fukafukai tana yi masa ihu, shi kuwa bawan Allah yana bin ta a baya. Babu wanda ya nemi ƙarin bayani, gani ya kori ji, kowa ya fahimci cewa shi ne zai zama dinyar, kuma ransa ya biya.

Gaskiya ne cewa a 2018 kamfanin Bethesda ya sanar da wasan The Elder Scrolls VI da hoton duwatsu da sunan wasan kawai, cikin ƙasa da minti ɗaya, jama'a kuma suka yi ta shewa, amma wannan gata ne na gidan da ya shekara fiye da ashirin yana tara masoya, kuma sabon shiga da ya kwaikwayi hakan zai tarar ya yi wa duwatsu talla kyauta. Sannan kada kwaɗayin burgewa ya kai shi ga nuna abin da wasan ba zai iya ba, domin har yau ana tuna tirelar Killzone 2 da Sony ta nuna a bikin baje kolin E3 na 2005, wadda daga baya aka gane cewa zanen kwamfuta ne da aka shirya tun da wuri, ba ainihin wasan ba.

Idan an gama haɗawa, sai a kashe sautin, a miƙa wayar ga wani yaro da bai san komai game da wasan ba, a koma gefe a yi shiru, a zuba wa babban yatsansa ido.