Zuwa Ga Bawana Bazazzagi, Mai Yabon Majalisar Landan

Bawana, tun da ka je karatu Ingila ka dawo da kwat da lema ba mu huta ba. Da an ɗaga murya a majalisar Abuja sai ka karkace hula ka ce ai a Landan da hujja ake gardama. Ku Zage-zagi dama duk abin da aka faɗa da Turanci gaskiya ne a wurinku. To gyara zama, yau Bakano zai ba ka karatu.

Ranar 23 ga Yunin 2016 aka tambayi mutanen Birtaniya, a zauna a Tarayyar Turai ko a fita? Kashi 52 cikin ɗari suka ce a fita. David Cameron, wanda ya kira ƙuri'ar don ya rufe bakin 'yan tawayen jam'iyyarsa ta Conservative, washegari ya ce ya ajiye mulki, aka bar wa Theresa May jangwam. Takardar ƙuri'ar cewa ta yi a fita, ba ta faɗi ta wace ƙofa ba, kuma nan gizo ke saƙar. Aure ne na shekara 43, uwargida ta ce sai an sake ta, miji ya ce bismilla, sannan danginta suka shekara uku da rabi suna dambe a tsakar gida kan yadda za a kwashe kayan ɗaki.

Babbar matsalar iyakar Ailan ce. Ailan ta Arewa ta Birtaniya ce, Jamhuriyar Ailan tana cikin Tarayyar, kuma tun sulhun 1998 babu mai son ganin shinge a tsakaninsu. Amma ka tambayi ƙaramin yaron shago a Kantin Kwari, zai gaya maka idan kasuwa ta rabu biyu dole kwastan ya zauna a wani wuri. Malamanka suna son fita, ba sa son shinge, ba sa kuma son bin dokar Brussels, hedkwatar Tarayyar. May ta ƙara wa kanta wahala da ta kira zaɓe a 2017 don ƙarin kujeru, ta rasa rinjayen da take da shi, ta koma lallashin 'yan jam'iyyar DUP ta Ailan ta Arewa su goma.

Da ta kawo yarjejeniyarta ta fita gaban majalisa ranar 15 ga Janairun 2019, aka kayar da ita 432 da 202, kayen da babu gwamnatin da ta taɓa sha a zauren, kuma da hannun 'yan gidanta 118. Ta sake kawowa a Maris sau biyu, aka sake watsa mata ƙasa a ido. Sai 'yan majalisa suka ce a ba su wuri su nuna yadda ake yi. Aka jera musu hanyoyi takwas, suka ƙi dukansu. Aka rage zuwa huɗu, suka sake ƙi. Jeremy Corbyn na Labour kuwa ya ƙi cewa e ya ƙi cewa a'a, don magoya bayansa ma a rabe suke, idonsa na kan kujera. Kowa na tsoron mazaɓarsa, bawana, kamar dai namu.

Ka tuna yadda ka ishe ni da gori lokacin da aka sace sandar Majalisar Dattawa a Afrilun 2018? A Disambar shekarar wani ɗan Labour, Lloyd Russell-Moyle, ya sunkuci sandar majalisarku. Namu dai sun kai ta har ƙarƙashin gada. Naka ko ƙofa bai fita ba aka karɓe, satar ma bai iya ba.

Da May ta sauka, Boris Johnson ya hau ya rufe majalisa, Kotun Ƙoli ta ce haramun ne ranar 24 ga Satumban 2019. Ya kori 'yan jam'iyyarsa 21, har da jikan Churchill. Wani ya sauya sheƙa Johnson na tsakiyar jawabi, ƙanin Johnson ɗin uwa ɗaya uba ɗaya ya ajiye muƙamin minista. Shi Boris ya ce gara ya mutu a kwata da ya roƙi ƙarin lokaci, sannan ya aika takardar roƙon ba tare da sa hannu ba. Sai da zaɓen Disamba ya ba shi rinjayen kujeru 80 aka fita ranar 31 ga Janairun 2020, shingen kuma aka kai shi teku, aka bar 'yan DUP da cizon yatsa.

Daga 2016 zuwa 2022 firaminista biyar kuka yi, Liz Truss kwana 49, ko idda ba ta cika ba. Ina jiran amsarka da Hausa, kuma ka sa hannu.