Masu Haɗa Kwamfutar Gem Daga Gaya Zuwa Ajingi

Tarihi ya ce maƙeran Gaya ne suka bi sawun tama har Dutsen Dala. Jikokinsu ma ƙarfe suke nema, sai dai nasu a Farm Centre da titin Beirut na Kano ake samunsa: katin hoto, firosesa, ram da madabod, don a haɗa kwamfutar da za ta ɗauki gem ba tare da an sayar da gona ba. Masu wannan buri iri-iri ne.

Sarkin Kati. Duk abin da ya tara daga kakar gyaɗa, a katin hoto ya zuba shi. Canjin da ya rage ya sayi firosesa wadda ta girme wa ƙaninsa, da ram giga huɗu. Ya ɗaura injin tirela a jikin a-daidaita-sahu, yana mamakin yadda ɗan wasansa ke sandarewa a gaban raga. Ka ce masa firosesar ce ba ta iya ciyar da katin, sai ya ce baƙin ciki kake yi.

Shehin YouTube. Ya haddace farashin komai, amma da dala. Zai zaunar da kai a majalisa ya yi maka tafsirin katin RTX 4090, wanda ya fito a 2022 kuma shi kaɗai yake shan wat 450, alhali wayarsa tana wurin mai caji tun safe. Bai taɓa kwance ko noti ɗaya ba. Duk wanda ya sayi kaya kuwa, hukunci ɗaya yake yanke masa: "Wallahi an cuce ka."

Mai Fitilu. Shi dai akwatin ya zama na gilashi, fankoki suna walƙiyar ja da kore da shuɗi. Abin da ke ciki ba matsalarsa ba ce. Kitso da ƙwarƙwata ke nan. Hunturu na shigowa ƙura ta toshe fankokin, zafin Afrilu kuma ya ƙarasa aikin, injin ya dinga kashe kansa ana tsakar wasa. Fitilun dai suna nan da kyansu.

Ɗan Gwanjo. Wannan yana da basira, gaggawa ce ke cin sa. Ya samo tsohuwar Dell OptiPlex ta ofis da araha, siririya, sannan ya sayo RX 580 na hannu. Sai da ya wuce gadar Wudil ya iso gida ya gano katin ya fi akwatin ƙiba, kuma babu wayar da za ta ba shi wuta. Ram ɗin ma DDR4 ya saya, madabod ɗinsa kuwa DDR3 take karɓa, ramin ba ɗaya ba ne. Bai kuma tambayi tarihin katin ba, ga shi tun da aka daina haƙar kuɗin kirifto na Ethereum da katin hoto a Satumbar 2022 gajiyayyun katuna suka cika kasuwannin duniya. Direbobin Kano sun san shi, kullum da leda a cinya zai je canji.

Marowacin Wuta. Ya sayi komai mai kyau, da aka zo kan na'urar raba wuta sai ya ce a ba shi kowace iri. Sitabilaiza kuma "sai wata ya yi". Ranar da aka kawo wuta da ƙarfi bayan dogon ɗaukewa, ƙauri ne ya sanar da maƙwabta. Araha ba ta ado.

Mai Jiran Dala. Tun Yunin 2023 da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa yake cewa bari dala ta sauko. Zuwa yanzu ya mallaki linzami da shimfiɗarsa. Jiran gawon shanu bai hana shi gyara jerin kayan da zai saya duk mako ba.

Ɗalibin Ilimi. Ya shaida wa mahaifinsa cewa kwamfutar ta atisayen JAMB ce, don ya samu shiga jami'ar Wudil. "Baba, karatun zamani sai da katin hoto." Tsoho ya sayar da rago. Da daddare ya ji ihun "Gol!" daga ɗakin karatu, ya leƙo ya ce, "Ɗan nan, wace jarrabawa ce ake cin ta da ihu?"

Mai Gidan Gem. Shi ba ya zuwa musu. Kafin ya tambayi kuɗin kati sai da ya lissafa abin da solarsa da batirinsa za su ɗauka, domin tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 janareto ya zama abokin gaba. Ya ɗauki firosesar Ryzen 5 5600G mai ɗauke da sashen hotonta a ciki, ram biyu masu giga takwas-takwas, da SSD. In ciniki ya buɗe zai ƙara ɗan kati irin GTX 1050 Ti da wat 75 ya ishe shi. Injinsa ba shi da ƙyale-ƙyale, amma eFootball da GTA V suna tafiya lafiya lau, domin babu sashen da ya fi ƙarfin ɗan'uwansa, kuma babu wanda ya fi ƙarfin wutar shagon.

Bayan isha'i, a bencinsa za ka tarar da sauran bakwai ɗin a jere, kowa da kuɗin wasa a hannu, Shehin YouTube yana yi masa bayanin kuskuren da ya tafka.