Satin da Na Yanka Gida-Gida

Wani ɗalibin Jami'ar Sule Lamido ne ya kawo mini wannan fitina. Tun da aka kafa jami'ar a Kafin Hausa a 2013 nake cin abinci da buga wa ɗalibai takardu, kuma kullum aiki na bina bashi. Ya ce attajiran Amurka yanka sati suke yi gida-gida, kowace awa da aikinta, ko wa ya zo sai ya jira. Na samo kwali da biro kala uku, na zana, na manna a bango.

Litinin, takwas zuwa goma, bugun aiki. Ina zama Kawu ya yi sallama. Muka yi ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya damina, har gero sai da na ba da labarinsa. Na riƙa satar kallon agogo. Ya ce, "Ɗana, ciwon wuya kake yi?" Ya zauna bayanin maganin sanƙarau har goma ta gota. Yana fita aka ɗauke wuta.

Laraba na ware wa Dutse safiya, sayen tawada da takarda, a dawo kafin azahar. A tasha ɗan kamasho ya rantse saura mutum ɗaya. Na shiga, na matse tsakanin buhun barkono da wani dattijo mai gyangyaɗi. Can sai na ga fasinjoji uku sun sauka sun koma wata motar da babu kowa, suka zauna kamar masu tafiya. Ashe zaman cika mota suke yi, sana'arsu ke nan. A tashar na yi azahar. Gidan da na rubuta wa "hutawa" kuwa a bakin titi na cinye shi, ina riƙe wa direba taya.

Alhamis suna, Juma'a ɗaurin aure biyu, babu wanda ya nemi shawarar kwalina.

Sai uwargida ta leƙo shago da rana, ta tsaya tana karanta bango. Ta ga "hira da iyali, 8:00 zuwa 8:20." Ba ta ce uffan ba. Da dare na dawo tara saura, na wanke hannu, na ce a kawo tuwo.

Ta ce, "Malam, tuwo bakwai da rabi ne. Yanzu lokacin wanke-wanke muke ciki, ga soso can."