Masu Dogon Wuya

Bahaushe ba ya gina gida babu zaure, kuma ko a rugar da ke bayan Falanko, inda ba bango ba ƙyaure, baƙo daga nesa yake tsayawa ya yi sallama. Amma wayar da ke aljihu, wadda ta fi ɗakin uwargida tara asiri, a buɗe take kamar tsakiyar kasuwa. Ana ta razana mutane da ɓarayin intanet na wata uwa duniya, alhali tun 2016 WhatsApp ke kulle saƙo yadda ba mai iya karanta shi a hanya. Saƙon da ya ƙetaro hamada cikin sutura, a kan allo yake tuɓe riga. A Damargu ta ido asiri ke zuba, kuma duk allon da aka ƙara wa na'ura, an ƙara wa ido taga.

Sarkin masu leƙe shi ne Raƙumin Dawa, mazauninsa motar Tanut zuwa Damagaram. Tafiyar kusan kilomita 150 ce, an cusa mutum shida a kujerar huɗu, saboda haka ba ya ma buƙatar miƙa wuyan sosai. Tare kuke karatu, ya fi ka sauri, in ka daɗe ba ka ja saƙon sama ba sai ya yi ajiyar zuciya. Kafin a kai Bakin Birji ya san nawa aka yanka maka sadaki da kawun da ya ƙi yarda. Ƙanensa Mai Barcin Zomo ya fi shi kunya: ya jingina kai da kafaɗarka yana minshari, ido ɗaya na aiki. Akwai kuma Mai Tambayar Lokaci, agogo a hannunsa, amma ƙarfe nawa na wayarka kaɗai yake yarda da shi.

Mai caji kuwa ba ya leƙe, labari ne ke zuwa gabansa. Yana zaune ƙarƙashin farantin hasken rana, wayoyi jere a tebur kamar tumatir ranar kasuwa, kowace ta yi ƙyas sai ta faɗi abin da ke cikinta. Ɗan ci-rani ya turo jikka ashirin daga Agadas, mai caji ya riga mai kuɗin sani. Shi ya sa mai bin bashi ke son shan shayi a wannan rumfar.

Inda abin ya fi daɗin kallo shi ne wajen masu allo biyu, domin su da hannunsu suke tona kansu. Samsung ya fitar da waya mai naɗewa a 2019, Tecno ya biyo baya da tasa a 2023, ga babban allo a ciki, ga wani a waje. Alhajin Naɗi, dillalin raƙuma, yana gama karatu sai ya rufe ta ƙwap, kamar malami ya rufe littafi, ya ajiye bisa tabarma yana gyara rawani. Ya kulle ɗaki, ya bar sanƙira a bakin ƙofa: allon waje na nan yana shelar duk saƙon da ya shigo, mai raƙumin da ake ciniki da shi yana karanta ainihin farashin da ake jira a Legas. Abokin tafiyarsa shi ne Malamin Majigi, mai ba da horo a Tanut ko Belbeji, wanda ya haɗa kwamfuta da bango don nuna jadawalin rabon iri. Na'urar ta ba shi zaɓi biyu, ko bango ya zama allo na daban, ko ya kwaikwayi duk abin da ke gabansa. Ya zaɓi kwaikwayo. Ana tsakiyar bayani sai ga saƙon uwargida game da kuɗin cefane, kowane harafi ya kai tafin hannu, gaban hakimai.

Za a ce mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as, mai gaskiya me zai ɓoye? Maganar tana da zaƙi, amma ta manta cewa rabin asirin da ke cikin waya ba na mai wayar ba ne. Na ƙanwar da ta faɗi ciwonta ne, da maƙwabcin da ya roƙi tiyar gero a ɓoye don rumbunsa ya ƙare tun kafin damina. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin mutane, malamai kuma sun bayyana cewa saboda ido aka shar'anta neman izinin shiga gida. Nijar ma ta yi dokar kare bayanan mutum a 2017, da hukuma a Yamai mai lura da ita, sai dai hukuma kamfani take iya tuhuma, ba ta da jami'in auna wuya a tasha.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: da yawa ba su iya karatu ba, dole su miƙa wayar. Gaskiya ne, kuma nan ne Mai Karatun Taimako ke kiwo. An ce ya karanta saƙo ɗaya, ya karanta bakwai, ya ƙara da sharhi. Amma wanda aka miƙa wa da hannu an zaɓe shi, an san wanda za a kama in zance ya fita. Raƙumin Dawa ba wanda ya zaɓe shi.

Magani akwai, kowane da ramarsa. Gilashin sirri da ake mannawa yana ɗauke da siraran layuka masu tare haske, wanda ya karkace kamar digiri 30 duhu kawai zai gani. Sai dai yana dushe allo, a ranar Damargu dole a ƙure haske, batir ya mutu, a koma wurin mai caji. Ba ya tare na bayanka daidai ƙeya, kuma allon ciki mai naɗewa ba ya ɗaukar gilashi mai tauri. Wanda ya fi araha kyauta ne: tun 2014 Android ke bari a ɓoye abin da saƙo ya ƙunsa muddin waya na kulle, allon waje da teburin caji su ga sanarwa kawai.

Saura Gwanin Tsaro. Ya manna gilashi gaba da baya, ya sa lambar sirri mai tsawo, yana juya wa jama'a baya kafin ya danna ta. Sannan ya zauna tsakiyar fada, ana zuba shayi na biyu, ya ƙure murya, ya kunna saƙon baki na minti huɗu daga surukarsa.