Daktocin Da Suka Sha Sanyi Suka Dawo

Tun da asusun TETFund da na PTDF suka fara kwasar malaman jami'o'inmu zuwa Birtaniya da Maleshiya neman digirin digirgir, ba mu ƙara rasa Dakta a ɗaurin aure ba. Takarda iri ɗaya suka ɗauko, amma kowa da yadda tafiyar ta juya shi.

Wanda ya fi cika ido shi ne Dakta A-Can. Shekara uku da rabi ya yi a Aberdeen, zai shekara talatin yana ba da labarinta. Miƙa masa ruwan leda, ya juya shi a hannu ya ce, "Ka san a can famfo kawai ake buɗewa." A ɗauke wuta, ya yi murmushin mai tausayin jahilai. Har a zaman makoki na ji shi yana bayanin yadda ake ɗaukar gawa a can. Abin da ba ya faɗa shi ne ɗakin da ya zauna bai kai shagon mai shayi ba, rana kan faɗi tun kafin ƙarfe huɗu a watan Disamba, kuma da azumi ya faɗo a watan Yuni sai da ya haura awa goma sha takwas baki a bushe. Lodin kwalaye da ya riƙa yi da dare don cikon kuɗin haya kuwa, daga shi sai matarsa.

Ƙaninsa a hali shi ne Dakta Kwat, mai zuwa ofis da rigar sanyi a watan Afrilu a Kano, gumi na bin ƙeya. Wai jikinsa bai gama dawowa ba.

Na Maleshiya ba ruwansa da wannan. Ya tafi Serdang da iyalinsa, ya tarar da rabin abokan aikinsa sun riga shi, har ana ƙullun tuwo ranar Juma'a. Hausar da ya ji a can ta fi wadda ake ji a Sabon Gari. Ya dawo da tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, da ƙarin 'ya'ya biyu, da tumbinsa cif yadda ya tafi da shi.

Dakta Na'ura ne nake tausayi, gaskiya. Shekara huɗu yana kwana a ɗakin gwaje-gwaje kan wata na'urar da kuɗinta zai gina rukunin azuzuwa. Ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano a 2022 da tsarin bincike na shekara goma a jaka, ya tarar ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na yajin aikin da ya ci wata takwas. Da aka buɗe makaranta ya leƙa ɗakin gwajinsu: tantabaru sun yi sheƙa a silin, firjin ajiye sinadarai kuma masinja na sanyaya zoɓo a ciki. Yanzu kajin gidan gona yake kiwo, kuma babu mai awon abincin kaji da ƙa'ida irinsa a duk unguwar.

Akwai kuma Dakta Saura-Kaɗan. Ya sa hannu a yarjejeniya cewa zai dawo ya yi aiki, sunansa na nan a ƙofar ofis, kwaɗo ya yi tsatsa. Ka tambaye shi ta WhatsApp, ya ce gyara kaɗan ya rage. Da dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500, gyaran ya ƙara yawa. Irinsa na cikin dalilan da TETFund ya bayar da ya dakatar da tura malamai waje daga farkon 2025.

Na ƙarshe aminina ne, digirgir a nazarin ƙasar noma. Muka raka shi ƙauyensu gaisuwa, gari ya fito da kalangu. Ana tsaka da cin fura sai ga gwaggonsa ta zauna gabansa ta miƙe ƙafa.

"Ɗan nan, gwiwar nan ta hana ni barci. Duba min."

"Gwaggo, ai ni ba likitan asibiti ba ne. Ƙasa na karanta."

Ta dube shi, ta dubi gonar da ke bayan katanga.

"Ƙasa? Shekara biyar? Wace iri ce da su da babu a nan?"

Ya laluba aljihu ya ba ta Panadol biyu.