Ta Hagu Za Ka Zo Masa

Jiya-jiyan nan wani zakara ya kunyata ni a tsakar gidanmu na haya a Adabraka, gaban surukaina da suka zo suna daga Nima. Aikin bai taka kara ya karya ba: kamo shi a yanka.

Yana bakin kwata yana tsintar shinkafa, ni ina sanɗa. Sai Baba mai gida, daga kan benci, goro a kunci: "Ɗana, ta hagu za ka zo masa. Tun zamanin Nkrumah nake kama kaji."

To, idanun kaza a gefen kai suke, tana hango kusan digiri 300 ba ta waiwaya ba, kuma kowane ido da aikinsa. Farfesa Lesley Rogers ta Jami'ar New England a Ostireliya da abokan aikinta sun gwada 'yan tsaki a 2004: na dama ke ware ƙwaya daga tsakuwa, na hagu ke gadin sama saboda shirwa, duk a lokaci guda. Na hagun ne kuma ya fi riƙe taswirar wuri. Wato wajen mai gadi Baba ya aike ni.

Na daka tsalle. Ina cikin iska na ga idon nan, ja, zagayayye, yana kallona, bakin kuma bai fasa tsinta ba. Sai da ya haɗiye ƙwayar ƙarshe tukuna ya goce, ya shige ramin ƙarƙashin tankin ruwa, ramin da ni mai biyan haya ban san da shi ba. Hannuna ya damƙi gashi guda. Silifas ya tafi gabas. Ni kuwa na sauka da ƙirji cikin bahon da aka jiƙa karan dafi na dafa waakye. Ruwa ya yi sama, ya dawo mini a ƙeya. Farar shadda ta koma ja, hula tana yawo cikin baho.

Gida ya yi tsit. Surukata ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ta ce, "Sannu, Malam."

Baba ya tofar da goro, ya girgiza kai.

"Hagunka na ce, ɗana. Wa ya ce maka nasa?"